Rabin Aski

Kowa a layin nan da Saura-Kaɗan ya san shi, har yaran da ba su taɓa hawa kujerarsa ba. Bakinsa ne ya ja masa sunan. Mai aski ne mai nawa, irin nawar da za ka yi gyangyaɗi ka farka ka tarar yana nan a kunnen hagu bai gusa ba, kuma duk wanda ya yi tsaki ya ce, "Baba, ina da wurin zuwa fa," amsa ɗaya yake samu: "Saura kaɗan." Shagon ɗaki ne guda tsakanin tela da mai gyaran waya. Akwai kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa sai an tokare ta da gwiwa, da bencin masu jira, da fanka a sama, da madubin da ya tsage a kusurwa tun gashin mai shagon yana baƙi.

Yana saurayi ya fara sana'ar, da almakashi da reza, kafin kilifa, injin askin nan mai aiki da wuta, ta zo ta lalata hannun masu aski, in ji shi. Da kujerar nan ya yi aure, da ita ya aurar da 'ya'yansa. Ya aske kan kaka, ya aske na ɗa, yanzu yana fama da na jikoki masu zuwa da hoto a waya su ce haka suke so. Ba mutum ne mai yawan magana ba. Sai dai yana da kunne, kuma namiji in aka ɗaura masa kyalle a wuya aka sunkuyar masa da kai, yakan saki abin da ko matarsa ba ta taɓa ji ba.

Kunnen nan ba da shi aka haife shi ba. Yana da ƙane kafinta, mai raha, wanda duniya ta juya wa baya shekaru da dama da suka wuce. Ya rame, ya daina fita, kowa ya gan shi sai ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Ka yi ta maza." Rannan sai ga shi ya shigo shago fes da shi, yana dariya kamar ba shi ba. Ya maido da wata tocila da ya ara tun tuni, ya zauna aka yi masa aski, da zai tashi ya ce, "Yaya, mu yafi juna." Saura-Kaɗan ya kaɗe masa wuya da buroshi yana tambayarsa ko tafiya ce ta kama shi. Washegari ƙanen ya kashe kansa. A gida aka ce zazzaɓi ne, kuma har yau in maganar ta taso, zazzaɓin ake cewa.

Daga nan ya fara lura, ba don yana so ba. A farkon sana'arsa irin wannan mutuwar sai a daɗe ba a ji ta ba, in an ji ma wani dattijo ne da ciwo ya ci ƙarfinsa, a faɗa da raɗa a rufe. Da aka rufe masana'antar da ke bayan layin dogo, sai abin ya koma kan magidanta, mutanen da suka saba fita da safe suka wayi gari ba inda za su. Yanzu kuma samari ne, yaran da jiya-jiya ya ɗora musu katako a kan kujera don su kai madubi. Duk maza. Abin yakan tsaya masa a rai, ya kai shi gida wajen matarsa, wadda ta yi shekaru tana shara da tura gadon marasa lafiya a asibiti har ta yi ritaya, shi ya sa yake tsokanarta da Likita.

"Likita, ku mata Allah ya hutar da ku. Mu kaya ne ya yi mana yawa."

"Wane kaya, Malam?" in ji ta. "Ka zo ka ɗauki nawa na yini ɗaya ka gani. Mata ma suna yi, a waɗanda aka riƙa kawo mana ma sun fi yawa. Amma mace takan gaya wa wata, ko ta yi kuka maƙwabciya ta ji, a kawo ta da sauran numfashi. Naku kuwa sai dai a shigo da su a wuce ta ƙofar baya. Ba kaya kuka fi mu ba, baki ne ba ku da shi. A tambaye ku, ku ce lafiya lau."

Ba ya son ta fi shi gaskiya, saboda haka yakan ce ta cika surutu, ya jawo rediyo ya kunna.

A cikin masu zuwa shagonsa akwai wanda ake kira Direba. Tun yana ƙarami ubansa yake kawo shi, ya girma ya zama direban babbar motar fasinja, mutum mai ji da kansa da kuma sumarsa. Kullum aka tambaye shi, "A rage ko a kwashe?" sai ya ce, "A rage, Baba, kaɗan, kada ka yi mini ɓarna." To, ashe idonsa na dama ya daɗe yana dushewa, ya ɓoye, don ya san ranar da aka gane, ranar zai ajiye makulli. Wata rana ya kauce wa babur, ya hau kan wata mata mai sayar da lemo a bakin titi. Ba ta mutu ba, amma ba ta ƙara taka ƙafarta ba. Aka karɓe motar. Direba ya shige ɗaki, ya bar gashi da gemu suka yi yadda suka ga dama, in ya fito ma kansa a ƙasa yake har ya koma.

Ranar da nake ba ku labari, da hantsi ne, kasuwar layin ta fara cika. Tela yana zaune a benci yana hira, ya bar kekensa, da wani tsoho ɗan fansho wanda ba shi da gashin da za a aske amma kullum yana nan. Sai ga Direba ya yi sallama. Ya yi wanka, ya sa kaya masu guga, yana murmushi har kunne.

"Kai, kai, kai!" in ji Tela. "Yau wace rana! Ashe ka warware."

"Na warware, Tela. Komai ya wuce."

"Haka ake so," in ji ɗan fansho. "Namiji ke nan."

Direba ya ajiye wata laima a kan tebur, kusa da kwalbar sifirit. "Baba, ga laimarka. Tun daminar bara take wurina."

Saura-Kaɗan ya kalli laimar. Shi har ya manta da ita. Ya kaɗe kujera, ya ɗaura masa kyalle, ya yi tambayar da ya saba yi, ya riga ya miƙa hannu zai ɗauki almakashi.

"A kwashe duka," in ji Direba. "Tal-kwabo."

"Kai ɗin? Kai da kake faɗa da ni a kan tsinke ɗaya?"

"Zafi, Baba."

Saura-Kaɗan ya ɗauki kilifa ya jona. Ya fara daga dama, gashi yana zuba a kan kyalle dunƙule-dunƙule, wani abu yana yi masa kai-kawo a ƙirji amma ya ƙi ya saurare shi. Tela kuwa baki bai huta ba. Ya ce ai ya ga alamar sauƙi tun jiya, da ya ga Direba yana rabon arziki, ya ba makaniken kan kwana akwatin sifanunsa, ya ba ƙanen matarsa agogo. "Ni ne dai ba a tuna da ni ba," in ji shi, aka yi dariya. Direba ma ya yi. Wuyansa a ƙarƙashin yatsun mai aski sakwa-sakwa yake, babu taurin nan na mutumin da damuwa ta riƙe. Tsohon ya taɓa jin wuya haka sau ɗaya.

Ɓangaren dama ya fita tas, kilifa ta kai tsakiyar kai, sai Direba ya ɗago ido suka haɗu a madubi. Ya yi ƙasa da murya yadda na benci ba za su ji ba.

"Baba, ka yi haƙuri da ni tun ina yaro. In na taɓa yi maka wani abu, mu yafi juna."

Saura-Kaɗan ya tuna ƙanensa. Ya san in ya ƙarasa askin nan, mutumin zai tashi, ya kaɗe riga, ya yi musu sallama da fara'a, ya fita, kuma ba wanda ke da hujjar riƙe shi. Abin da ya rage tsakanin Direba da ƙofa shi ne gashin da ke ɓangaren hagu. Bai tsaya tunani ba. Ya sa ƙafa ya taɗe wayar kilifa, ta fita daga soket, ƙarar ta mutu.

"Ash! Sun ɗauke wuta."

Ɗan fansho ya ɗaga kai ya kalli fanka, tana ta juyawa abinta. Tela ma ya kalla. A maƙwabta kiɗa yana tashi daga shagon mai gyaran waya.

"Ga fanka tana yi, Baba," in ji Direba.

"To kilifar ce ta ƙone. Tsohuwa ce."

"Ka ƙarasa da reza."

"Ta ƙare." Yana faɗa yana tura kwalin reza ƙarƙashin tawul da gwiwar hannu. Ya juya wajen Tela. "Taimaka ka sayo mini." Ya bi shi har bakin ƙofa kamar zai kwatanta masa irin wadda yake so, ya damƙe masa hannu da ƙarfin da Tela bai san tsohon yana da shi ba, ya ce masa a kunne, "Bar reza. Ka je gidana ka ce da maman yara ta zo yanzu-yanzu, ta biya ta ɗauko matar Direba. Kada ka tsaya gaisawa da kowa." Tela ya buɗe baki, ya ga fuskarsa, ya rufe, ya kama hanya. Ɗan fansho kuma aka roƙe shi ya je ya tsare wa Tela shago. Ya tashi yana gunaguni, wai yau an kore shi kamar kaza.

Suka rage su biyu. Saura-Kaɗan ya ɗauki mataji yana taje ɓangaren da ya rage. Ya san tambayar da zai yi, ya kuma san ba a yin ta. Shekara da shekaru yana ɗauke da ita, yana jin nauyinta kamar zagi. Ya ajiye matajin, ya zagayo gaban kujera, ya tsaya tsakanin mutumin da madubi.

"Ɗana, zan tambaye ka, kada ka ce mini lafiya lau. Kashe kanka kake shirin yi?"

Murmushin ya ɗauke. Fuskar Direba ta haɗe.

"Wace irin magana ce wannan, Baba? Ni za ka kalla ka gaya wa haka?"

"Kai na gaya wa. Ka ce mini a'a, ka kalli idona."

"Aski na zo. In ba za ka yi ba, akwai masu aski a gari."

Ya fizge kyallen ya miƙe, gashi ya watse a ƙasa. Sai ya ga kansa a madubi. Rabi fari fat yana sheƙi, rabi cunkus da sumar wata da watanni, ga gemu ba a taɓa ba. Ya shafa kai, ya duba tebur, ya duba ƙusar bango. Bai zo da hula ba. A waje kuwa layi ya cika, mata masu cefane, 'yan babur a gindin bishiya, mutanen da ya daɗe yana guje wa idonsu. Abin dariya ne in ka ji shi a labari, mutumin da ya gama yanke shawarar barin duniya ya tsaya yana jin kunyar fita da rabin aski. Amma haka muke, kuma da wannan kunyar ce kaɗai tsohon ya dogara.

Duk da haka Direba ya nufi ƙofa. Saura-Kaɗan ya riga shi, ya tsaya ya riƙe katakon ƙofar hagu da dama. Ƙato ne Direba, da hannu ɗaya zai iya ɗauke shi ya ajiye a gefe.

"Matsa, Baba."

"Ba zan matsa ba."

"Ina ganin girmanka. Kada ka sa in yi abin da ban taɓa yi ba."

"Ture ni. Sai dai ka ture ni a gaban mutanen nan, da wannan kan naka, su ga ka ka da tsoho."

"To ka ƙarasa mini in tafi! Me ya rage? Ai kaɗan ya rage!"

"Ba zan ƙarasa ba. Ƙanena a kan kujerar nan ya ce mini mu yafi juna, na ƙarasa masa, na shafa masa hoda, na raka shi har nan inda nake tsaye. Kai ba zan ƙarasa maka ba, ko za ka tsine mini."

Suka tsaya haka, numfashin Direba yana bugun goshinsa. Wani yaro ya leƙo yana tambaya ko akwai layi, tsohon ya daka masa tsawar da ta sa ya ruga. Ya kasa kunne ko zai ji muryar matarsa a layin, bai ji ba.

Sai kafaɗun Direba suka sauka. Ya ja da baya, ya zauna, ba a kujera ba, a kan benci, ya kifa rabin kan nan a tafin hannuwansa.

"Ina ganinta, Baba. Ko na rufe ido ina ganin tiren lemon yana tashi sama. Na san idona ba ya gani, na sani, na hau motar. 'Ya'yanta ne ke ɗaukarta su kai ta bayan gida. Ni kuma ina tafiya da ƙafata. Kowa sai ya ce in yi ta maza. Na yi, Baba. Wallahi na yi har ta ƙare."

Saura-Kaɗan bai bar bakin ƙofa ba. Kalmomin da aka saba suka taso masa, ka yi haƙuri, ƙaddara ce, ya haɗiye su, don ya san mutumin ya ƙoshi da su.

"Faɗi," ya ce. "Ina ji. Ba inda za ni."

Ya faɗa. Wani da tsari, wani ba tsari, yana yi yana share hanci da bayan hannu. Yana cikin yi Likita ta iso tana haki, mayafi a karkace, matar Direba a bayanta da takalmi wari da wari. Matar ta ga kan mijinta, ta ga idonsa, ta dafe ƙirji za ta fasa ihu, Likita ta riƙe ta. "Ba yanzu ba, 'yata. Zauna kusa da shi, ki riƙe hannunsa." Likita kuwa ta durƙusa a gaban Direba, ta yi masa magana a hankali kamar yadda ta ga ana yi shekaru. Ta ce akwai likitocin wannan ciwon, ciwo ne kamar kowane, kuma yanzu za su tafi tare, ba gobe ba. Ta ce a kira yayansa ya same su a can, kuma daga yau ba za a bar shi shi kaɗai ba.

Direba ya shafa kai. "A haka zan fita?"

Saura-Kaɗan ya cire hular kansa, tsohuwa, ta sha wanki har ta yi laushi, ya kifa masa. "Aro na ba ka. Ita ke nan gare ni, ka ga sanƙona a waje. Da hannunka nake so ka maido mini, ban yarda da aike ba."

Suka tafi. Saura-Kaɗan ya zauna a kujerarsa, karo na farko da ya tuna ya taɓa zama a kanta da rana, ya yi kukan da bai yi ba ranar ƙanensa.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi masa daɗi ba. Ya ji an riƙe Direba a asibiti, daga baya ya ji an sallame shi yana gidan yayansa, ana ba shi magani, yana komawa ganin likita. Amma bai zo ba. Duk inuwar da ta gifta ƙofa sai tsohon ya ɗaga kai, har ya yanki wani a kunne, abin da bai taɓa yi ba. In waya ta yi ƙara a gida, sai ya bar wa Likita ta ɗauka, yana kallon fuskarta. Ita kuma ba ta yi masa ƙarya ba. "Malam, ka riƙe shi rana ɗaya, ranar kuwa ita ce mai wuya. Sauran ba a hannunka kaɗai suke ba." Ya ƙi sayen wata hular. Tela yana tsokanarsa wai sanƙon yana kashe masa ido, bai kula shi ba.

Wata safiya yana share gashi a ƙasa aka yi sallama. Direba ne, yayansa yana tsaye a waje yana jira. Ya rame, idanunsa sun zurma, babu murmushin nan na rannan, kuma wannan ne ya fara kwantar wa tsohon da hankali. Direba ya zauna, ya cire hular ya ajiye a kan tebur. Ɓangaren dama ya tsiro, na hagu yana nan yadda aka bar shi.

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi wata rana. Wata rana babu."

"To, madalla da ka faɗa."

Ya ɗaura kyalle, ya jona kilifa. Ya yi askin a hankali, fiye ma da nawarsa ta kullum, ya daidaita hagu da dama, ya gyara gemu, ya shafa sifirit, ya kaɗe wuya. Amma a bayan kunnen hagu ya bar wani ɗan tsiro kamar kan yatsa, ya zagaye shi da kyau, ya kwance kyallen.

Direba ya shafa kai daga goshi zuwa ƙeya. Yatsunsa suka tsaya a wurin. Ya murza gashin, ya ɗago ido, suka haɗu a madubi.

"Baba, ka bar wani."

"Saura kaɗan," in ji tsohon.

Direba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki hular daga kan tebur, ya mayar da ita kansa, ya gyara mata zama ta rufe kunnen hagu. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba.

"Sai na dawo, Baba."